SHITANYEL: ƘAUYEN DA YA RAYU DA RUWAN INDARARO

A kudu maso yammacin ƙasar Sulobeniya, ba nisa da birnin Triyeste na Italiya, akwai wani ƙaramin ƙauye bisa tudu ana ce da shi Shitanyel. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma tarihinsa ya isa a tsaya a kansa, domin labari ne na mutanen da suka zauna inda babu kogi, babu rafi, suka kuwa rayu shekaru aru-aru.

Yankin da ƙauyen ya ke sunansa Karas. Ƙasar wurin duk dutsen farar ƙasa ce, mai ramummuka da tsage-tsage kamar rariya. Ana samun ruwan sama isasshe, amma da ya sauka sai ƙasa ta shanye, ya zurare can ƙarƙashi. Har kogi guda, mai suna Reka, yana nitsewa cikin kogunan dutse na Shikociyan, ba ya sake fitowa sai bayan tafiyar fiye da mil 20, kusa da bakin teku. Daga sunan wannan yanki ne masana ilmin ƙasa suka samo kalmar da su ke kiran irin wannan ƙasa da ita ko'ina cikin duniya.

To, yaya mutanen Shitanyel suka yi? Sai suka mai da kowane rufin ɗaki ya zama matarar ruwa. Da dutse suka gina gidajensu, da faffaɗan dutse suka rufa su, domin akwai wata iska mai tsananin ƙarfi, ana ce mata burya, wadda ta kan yaye rufi marar nauyi. Sa'an nan suka sassaƙa indararo na dutse, suka jera su gefen rufi, ruwa ya riƙa bi har ya zuba cikin rijiya da aka ɗaɓe don kada ta tsiyaye. Watau rijiyarsu ba ta da ido, randa ce babba cikin ƙasa. In damina ta yi rowa, kowa ya san sauran. Har wa yau akwai wani tsohon gida cikin ƙauyen da aka bar shi yadda ya ke, da indararonsa da rijiyarsa a gefe, aka mai da shi gidan tarihi.

Tun kafin zamanin Rumawa akwai mutane bisa tudun nan. Cikin ƙarni na 15, da mahayan Turkawa suka matsa wa ƙasashen nan da hari, sai aka kewaye ƙauyen da ganuwa. Cikin wannan ƙarni kuma aka gina majami'ar Daniyel, wadda ƙauyen ya ci sunanta. Hasumiyarta mai kai kamar lemo ta 1609 ce. Hakiman gidan Kobenzel, bayin sarakunan Ostiriya, su suka faɗaɗa fadar da ke bakin ƙofar gari. A 1906 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa gindin tudun zuwa Triyeste.

Daga nan sai ƙauyen ya shiga sauya iyayengiji. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya fita daga hannun Ostiriya ya koma na Italiya. A 1947 ya shiga Yugoslabiya, a 1991 kuwa Sulobeniya ta sami mulkin kanta. Ashe tsohon da aka haifa a 1910, in ya yi tsawon rai, ya zauna ƙarƙashin tutoci huɗu bai ko canza ɗaki ba.

Ba a maganar Shitanyel ba a ambaci Maks Fabiyani ba. An haife shi a 1865 a Kobdil, ƙauyen da ke maƙwabtaka. Ya yi suna wajen tsara gine-gine a Biyana, ya kuma zana fasalin sabon birnin Lubiliyana bayan girgizar ƙasa ta 1895. Duk da haka ya komo gida, ya zama magajin garin Shitanyel daga 1935 zuwa 1945. Ya gyara fada ta zama wurin amfanin jama'a, har da makaranta da ofis. Shi ne kuma ya shirya wa wani likita na Triyeste, Enriko Ferari, lambu a jikin tudun, da kududdufi da 'yar gada. Abin mamaki, da ruwan sama ya shayar da shi. Bai raina dabarar kakanninsa ba, faɗaɗa ta ya yi: ya tattara ruwan da ke gangarowa daga tudu ta magudanai zuwa tankuna, daga nan bututu ya raba shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa ƙauyen ɓarna ƙwarai, fada ta ƙone, gidaje da yawa suka zama kufai. Gyara ya ɗauki shekaru masu yawa, yanzu kuwa cikin fadar akwai ɗakin da aka ajiye zane-zanen Loize Sipacal, gwanin zane da ya rasu a 2000. A 2018 hukumar UNESCO ta sa sana'ar jera dutse ba tare da siminti ba cikin gadon duniya, Sulobeniya na cikin ƙasashen da aka lissafa.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Ruwan famfo ya zo, buƙatar da ta koya wa mutane sassaƙa indararo ta kau. Gwamnati na iya tsare bango, baƙi na iya zuwa kallo, amma in babu yaron da ya zauna gaban magini ya koyi yadda a ke zaɓen dutse da ɗora shi, ranar da indararo ya tsage ba mai ɗora wani. Wannan shi ne aikin da ya rage wa Shitanyel.