Dutse Uku: Wa zai raba gardama idan shaida ta rabu biyu?

Ranar Lahadi, 17 ga Janairu, 2010, wani magidanci ya tara leburori a unguwar Dutse Uku da ke Jos domin sake gina gidansa da aka rusa a rikicin Nuwamban 2008. Wutar da ta tashi a bakin wannan gini ta ratsa Nasarawa Gwong, cikin 'yan kwanaki ta isa Bukuru da Kuru Karama, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya a lokacin, sai Mataimakinsa Goodluck Jonathan ya umarci sojoji su karɓi tsaron garin.

Har yau labarin mafarin rikicin kashi biyu ne. Musulmin unguwar na cewa matasan Kirista ne suka far wa masu aikin domin hana mai gidan dawowa. Kiristoci kuwa na cewa masu aikin ne suka tare hanya, suka auka wa masu ibada. Kowane ɓangare na da shaidunsa, babu kuma alƙalin da duka biyun suka aminta da shi.

Irin wannan tsaka-mai-wuya ce ta haifi falsafar siyasar zamani a Turai. Daga 1618 zuwa 1648, Katolika da Furotesta sun shafe shekara 30 suna gwabzawa a ƙasashen Jamus, Ingila ma ta faɗa yaƙin basasa a 1642. Cikin wannan hayaƙi Thomas Hobbes ya fitar da littafinsa Leviathan a 1651. Ilimin handasa ya burge shi ƙwarai, har ya so ya gina siyasa bisa hujja mai ƙarfin lissafi. A ganinsa, inda babu hukumar da ta fi kowa ƙarfi, tsoro kan sa maƙwabci ya riga maƙwabcinsa kai hari. Maganin kuwa shi ne kowa ya miƙa takobinsa ga mai mulki guda, wanda zai yanke hukunci har a kan koyarwar addini a bainar jama'a.

Masana kimiyya sun bi wata hanyar dabam. Robert Boyle da abokansa, waɗanda suka kafa ƙungiyar Royal Society a Landan a 1660, sun ajiye gardamar addini da ta siyasa a bakin ƙofa, suka riƙa gwaji a gaban shaidu domin a samu abin da kowa ya gani da idonsa. Hobbes ya soke su, yana ganin shaidu kaɗai ba sa kashe gardama. A 1689 kuma John Locke ya fitar da wasiƙarsa kan haƙuri da addinin juna, inda ya taƙaita aikin hukuma ga kare rai da 'yanci da dukiya, domin bulala ba ta dasa imani a zuciya. Shi ma dai bai shigar da waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba cikin wannan rangwame.

Ƙasar Hausa ta riga su tattauna wani sashe na batun. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammad al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, risala kan wajiban sarauta. Ya jaddada adalci a shari'a da bincike kafin hukunci, ya kuma gargaɗi sarki kada ya shige labule ya bar talakawa ba su samun ganinsa.

Idan aka ɗora Jos a wannan sikeli, za a ga ta samu takobin Hobbes, tun da an girke rundunar tsaro ta musamman a Filato a 2010. An kuma gwada hanyar shaidu: kwamitin Mai Shari'a Aribiton Fiberesima a 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi bayan rikicin Satumban 2001. Bayan na 2008 sai binciken kansa ya rabu biyu. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin Janar Emmanuel Abisoye, gwamnatin Jonah Jang ta ƙalubalance shi a kotu, ta naɗa na Bola Ajibola, wanda shugabannin Musulmi suka ƙaurace wa. Rahotanni sun taru, amma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya rage shi ne ginshiƙin Locke da al-Maghili, wato hukumar da talaka zai kai wa kuka ba tare da an fara duba sunansa ba. Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 43 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar. A aikace kuwa, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da tallafin karatu, kuma a Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, takaddama kan wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba.

Shi ya sa shirun da ake ji a unguwannin Jos da dama ya samu ne bayan Musulmi sun koma cikin Musulmi, Kirista cikin Kirista, wasu sun sayar da gidajen gado da arha. Sojoji na iya tsare mararraba, amma ma'aunin zaman lafiya na nan inda rigimar ta faro: ko mutumin da aka kora daga unguwarsa, Musulmi ne ko Kirista, zai iya komawa ya aza bulo a filinsa, idan an hana shi kuma ya san kotun da za ta saurare shi.