Riƙon Tsohuwar Marsandi a Ƙasar Kusada

Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar Marsandi a ƙofar gidan wani attajiri, an ɗora ta bisa duwatsu a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. In an tambayi mai ita, sai ya ce tsufa ne ya kashe ta. Alhali kuwa ga 'yar'uwarta can, wadda aka ƙera su shekara guda, tana zuwa Kano da Katsina tana komowa lafiya lau. Ashe ba tsufa kaɗai ba ne. Abubuwa uku ke kashe irin wannan mota a ƙasar nan, watau ƙura, da zafi, da gyaran ganganci. Biyun farko mai mota yana iya tare su da hannunsa, na ukun kuwa sai da hankalinsa.

Motocin da ake magana a kansu na kamfanin Mercedes-Benz ne na ƙasar Jamus. Akwai W123, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986, har aka fitar da kimanin miliyan 2.7. Akwai babbar yayarta W126, ta 1979 zuwa 1991, wadda manya suka hau a zamanin Shagari. Sa'an nan ga W124, wadda ta fito a ƙarshen 1984, ita ce mutane suka laƙaba wa V-Boot saboda yadda aka yanka murfin bayanta. Da yawansu ta Kwatano suka shigo, kafin Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Dukansu an yi su a zamanin da sifana da sukudireba ke isar mutum, ba a bukatar kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Wannan shi ne rabon mai ita, domin gwanayen Marsandi da kayan gyaranta sun fi yawa a birane, kamar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma jan mota daga Kusada zuwa can ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Na farko, ƙura. Inji numfashi yake yi kamar doki, iskar da yake shaƙa kuwa ta cikin matatar iska take bi. In hunturu ya kama, ko motar ta yawaita bin hanyar burji, ya kamata kowane mako a buɗe murfin matatar, a ciro ta, a kakkaɓe a hankali. Takarda ce, ba a wanke ta da fetur ko da ruwa. In an ɗaga ta sama haske bai ratsa ba, ko kuwa ta yage, sai sabuwa. Ƙurar da ta kuɓuce ta shiga inji takan gauraya da baƙin mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da fistin, har motar ta soma hayaƙi. Saboda haka a ƙasar ƙura gara a yi juye kowane kilomita 5,000, a sauya matatar mai tare. Injin waɗannan motoci sarƙa ce ke juya bakin bawul ɗinsa, ita kuwa sarƙa da mai mai tsabta take rayuwa. Kullum da safe, mota tana tsaye a wuri madaidaici, a zaro ma'aunin mai a duba, ya kasance tsakanin alamu biyun nan. In aka ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga ke nan, kada a ta da motar sam.

Na biyu, zafi. A bazara zafin ƙasar Katsina yakan wuce digiri 40. A yawancin masu fetur, gangar injin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne, shi kuwa in ya yi zafi ƙwarai lanƙwasawa yake yi, gasket ya ƙone. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin gishiri a cikin lagireto har hanyoyinsa su toshe. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na galan, a gauraya shi da tataccen ruwa irin na batir, rabi da rabi. A duba fambel ko ya tsage, a latsa robobin ruwa ko sun kumbura, a wanke kaikayi da ƙwarin da suka manne a fuskar lagireto. Kada kuwa a buɗe murfinsa inji yana da zafi, tururi ya sha ƙona fuskar mutane.

A nan ne gyaran ganganci ya fi yin ɓarna. Al'ada ce, da mota ta soma zafi sai a cire tamostat a yar, wai na ƙasar sanyi ne. A injin Marsandi wannan kuskure ne babba. Tamostat ɗinta aiki biyu yake yi. In zafi ya kai wajen digiri 87 yakan buɗe hanyar lagireto, kuma a lokacin nan yakan rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke kewayawa cikin inji. In an cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, ruwa mai yawa ya riƙa bin ta bai je lagireto ya huce ba. An gudu daga zafi an faɗa cikinsa ke nan.

Haka kuma sha'anin fiyus. Na waɗannan motoci 'yan ƙanana ne masu tsini biyu, fari na amfiya 8, ja na 16, shuɗi na 25. Bakinsu yakan yi tsatsa, fitila ko gilashi ya tsaya, a zaci babban ciwo ne, alhali gogewa kawai suke so. Wanda ya ƙone a sa irinsa. Mai ɗaura waya ko takardar taba a gurbinsa, ya cire mai gadi ne daga ƙofa, wuta ta samu hanya. V-Boot ta wajen 1992 zuwa 1995 kuwa tana da wani ciwo nata: rigar wayoyin injinta takan ruɓe ta zube saboda zafi, maganinta sai sauya damin wayar ɗungum. Mai ta dizal ma ya sani, iska ce ke kashe injin W123. In siririyar robar iskar ta tsage, sai a zare makulli inji bai mutu ba. Kada ya firgita, akwai ɗan marfi mai jan rubutu a jikin injin, dannawa za a yi ya tsaya.

Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, masu manyan motoci suka shiga neman dabara. Waɗansu sun cire injekta sun sa kafireto, alhali sau da yawa laifin na matatar fetur ne ko na tsofaffin fulogi. Waɗansu sun koma iskar gas. Wannan ba laifi, amma ba aikin gida ba ne, domin matsin da ke cikin tukunyar ya kai ninki 200 na iskar sarari. A Oktoba 2024 wata tukunya ƙirar gida ta fashe a gidan mai a birnin Benin, ta raunata mutane. Sauyin da ke da amfani ga hanyoyin ƙauye shi ne faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji don tsare kaskon mai daga dutse, da robar sifirin mai kauri don ɗaga motar kaɗan. Amma sifirin na gaba yana ɗaure da ƙarfin da zai kashe mutum in ya kuɓuce, sai bakanike mai abin matse shi.

Saura abin da ya shafi rai. Man birki yana shan laima, a sauya shi kada ya wuce shekara 2. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 ma'anarta mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara 6, ko zanenta yana da kyau, ba abar amincewa ba ce a kan kwaltar Kano da tsakar rana. A leƙa faifan robar da ke haɗa farfela da giya, in ya tsattsage a sauya. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da gungumen icce.

Ɗan kasuwa ba ya rasa littafin bashi. To, motar ma a yi mata nata, ko da ajami ko da boko, a rubuta ranar juye da lambar kilomita da abin da aka sauya. Kuɗin galan na mai da matata bai kai kusa da kuɗin inji ba, balle asarar ranar kasuwa a bakin hanya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.