Takieta: damana wata huɗu, ciki wata goma sha biyu

Garin Takieta yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa, kimanin kilomita 50 kafin a shiga birnin Damagaram. A nan ne hanyar kudu ta rabu, ta bi ta Kance da Matamai har iyakar Najeriya, ta nufi Daura da Kano. A shekara ta 2011 aka cire Takieta daga gundumar Mirya ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi uku: Garagumsa, Tirmini da Dakusa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kusan mutum 250,000 a cikinta, mafi yawansu manoma da makiyaya.

Lissafin da ke gaban waɗannan mutane ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sama yakan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma a wannan yanki abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba. Cikin wata huɗu ke nan manomi zai shuka hatsi da dawa da wake da gyaɗa, ya yi noma, ya yi maimai, ya girbe. Amma ciki bai san rani ba, wata goma sha biyu yake neman haƙƙinsa. Inda gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado, ƙasa kuma ta gaji, rumbu yakan ƙare tun kafin bazara. Tambayar ita ce: ta yaya za a tsawaita shekarar manomi ta wuce wata huɗu?

Abin da yunwar 1984 ta koyar

Noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin kakanni akwai garake a Mirya da Gidimuni, akwai rake da rogo da dankali a kwarin Korama, wajen Matamai da Magarya, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa. Sai dai a da sana'ar mutane kaɗan ce, ta waɗanda suka gaji fadama.

Farin 1973 da 1974 ya girgiza ƙasa, na 1984 kuma ya zo ya fi shi tsanani a wurare da yawa, har mutane suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. A lokacin ne gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga ƙasa baki ɗaya da a koma ga noman rani. Aka tara jama'a a bakin tabkuna da fadamu, aka gina rijiyoyi, aka raba iri, aka ba da cimaka ga masu aiki. Garuruwan da ba su taɓa ganin shu da karoti da salati ba suka koyi shuka su, suka koyi cin su.

Da ruwan sama ya dawo, garake da yawa suka mutu. Waɗansu rijiyoyinsu ne suka rufta, waɗansu mai fili ne ya karɓe abinsa, waɗansu kuma tun farko cimakar da ake rabawa ce ta riƙe mutane, ba garkar ba. Waɗanda suka rayu su ne masu abu uku: ruwa tabbatacce, fili marar rigima, da kasuwa. A 2012 gwamnatin Mahamadu Isufu ta sake ɗaukar wannan magana cikin shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Darasin dai bai sake ba.

Abin da ke cikin maganar ya wuce miya. Inda babu aikin rani, cin rani ake tafiya: samari su nufi Kano da Legas da Libiya, mata da yara daga wasu garuruwa su nufi Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Takieta. Duk watan da aka ƙara wa shekarar manomi, wata ne da iyali za su zauna gida.

Ruwa kafin iri

A ƙasashen sanyi kamar Faransa da Kanada, ƙanƙara ce ke gajarta lokacin noma, shi ya sa suke gina ɗakunan gilashi don su tsare zafi. A Takieta abin ya juya: rana ta wadata, ruwa ne ya yi ƙaranci. Don haka duk mai niyyar garka, da lissafin ruwa zai fara.

Malaman gona sun ƙiyasta cewa cikin rani kowane murabba'in mita ɗaya na kayan garka yana shan lita 5 zuwa 8 a yini, gwargwadon sanyi ko zafi. Garka mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi tana bukatar lita 500 zuwa 800 ke nan kowace rana, wato butar ban-ruwa mai lita 10 har sau 50 zuwa 80. Wanda ya share fili fiye da ƙarfin rijiyarsa, a watan Maris zai tsaya yana kallon wahalarsa tana bushewa. Gara fangali biyar da suka ƙoshi da ashirin masu ƙishirwa.

Ba ko'ina ruwa yake daidai ba. Birnin Damagaram kansa yana zaune bisa dutse, sai daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake jawo masa ruwan sha. A kwarin Korama kuwa, mita kaɗan ake ginawa a tarar da ruwa. Saboda haka dabara ta kasu uku. Inda ruwa yake kusa, akwai rijiyar tiyo da ake hudawa da hannu, da famfon ƙafa wanda aka yi wa suna Niyya da Ƙoƙari, da ƙaramin injin ban-ruwa. Inda akwai tabki, ana bin ruwa yana janyewa ana shuka wake da kabewa da dankali cikin laimar da ya bari, ba tare da ban-ruwa mai yawa ba. Inda ruwa ya yi zurfi, sai foraj mai famfon hasken rana, kuma wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, aikin ƙungiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ruwan da aka samu kuma a tattala shi. Ban-ruwa da sassafe ko da marece ya fi na tsakar rana. Taki ruɓaɓɓe yana sa yashi ya riƙe laima. Karan hatsi ko ciyawa da aka shimfiɗa a gindin shuka yana hana rana shanye ruwa. Shingen zana ko na itatuwa ta gefen gabas yana karya iskar hunturu.

Kowane wata da shukarsa

Manomin da ya jira sai ya gama ɗaurin dammuna da sussuka kafin ya tuna da garka, ya riga ya yi asarar wata guda. Tun watan Oktoba ake yafa irin tumatir da shu da albasa a wurin reno, a yi masa rumfa, don a dasa cikin Nuwamba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, shi ne zuciyar noman rani. Salati yakan isa yanka wata ɗaya ko ɗaya da rabi bayan dashe, shu da dankalin turawa kamar wata uku, albasa kuwa, irin ta Galmi, wata huɗu zuwa biyar daga yafa iri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dasa kome rana ɗaya. Sai kaya su nuna tare, kasuwa ta cika, kwandon tumatir ya rasa mai taya shi. Mai dabara yakan raba renonsa, ya dasa kaɗan kaɗan duk bayan mako biyu, yadda zai riƙa kai kaya kasuwa kowane mako maimakon ya zubar da su lokaci ɗaya.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Furen tumatir yana kakkaɓewa tun zafi ya haura digiri 35, salati kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci. Wannan ba dalilin rufe garka ba ne, dalilin sake iri ne. Kuɓewa da yakuwa da alayyafo da kankana suna jure bazara idan sun sami ruwa. Zogale kuwa ya fi su duka haƙuri: idan ya kafu, ana tsinkar ganyensa duk bayan mako biyu ko uku, rani da damana. Da haka garka ɗaya takan yi aiki daga Oktoba har faɗuwar ruwa.

Ita ma damana ana iya ƙara mata albarka. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta yaɗa irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP, wanda kan tsira ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ramukan tasa da rabin wata suna tara ruwa a faƙo. Gawo, wanda manoman Mirya da Magarya da Matamai suka sake rayawa a gonakinsu, yana zubar da ganye da damana ya ba ƙasa taki, da rani kuma ya ba bisashe abinci.

Ajiya ma noma ce

Abin da aka noma a ɗari ana iya cinsa a bazara. Mata sun daɗe da sanin wannan: tumatir ya zama kauɗa, ganyen albasa ya zama gabu, kuɓewa da tattasai da ganyen shu a shanya su. Abin da ya rage shi ne tsabta: a shanya bisa tabarma ko gado, ba a ƙasa ba, ganye kuma a inuwa don kada rana ta cinye amfaninsa. Albasar da aka daina ba ta ruwa kafin cira, aka bari ta sha iska, aka jera ta a rudu mai inuwa, takan kai lokacin da kuɗinta ya ɗaga. Don ɗanyen kaya akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami ɗan Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa a jihar Jigawa har ya sami lambar yabo a shekara ta 2000.

Fili da zaman lafiya

Saura maganar da ta fi kashe garake: ta fili. Sau da yawa ƙungiyar mata takan sami aron wuri, ta zuba taki, a gina mata rijiya, bayan shekara biyu mai wuri ya ce yana son abinsa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga gari har gunduma, masu ba da takardar aro ko ta kyauta ko ta saye. A yi takarda kafin a gina rijiya, ba bayan an gina ba.

Haka nan tabkin da mai garka yake so, shi ne mashayar makiyayi. Idan shinge ya toshe burtali, rigima ce za ta tsiro kafin salati. A nan Takieta tana da misali a ƙofar gidanta. Dajin gwamnati na Takieta, mai faɗin fiye da hekta 6,000, ya kusa ƙarewa saboda sara da noma ba izini. Daga 1995, da taimakon ƙungiyar SOS Sahel, aka zaunar da manoma da makiyaya da sarakuna da ma'aikatan daji, har aka kafa ƙungiyar Ku Tayani don kowa ya sa hannu cikin tsaronsa. Abin da ya yiwu a kan daji zai yiwu a bakin tabki.

Takieta tana da abin da garuruwa da yawa suke nema ba su samu ba: mararraba. Motar Damagaram da ta Maraɗi da ta Matamai duk ta ƙofarta suke wucewa, mai kaya ba zai rasa mai saye ba. Aikin da ya rage na hukumomi da malaman gona shi ne su auna ruwan kowane gari kafin su raba iri, su kai irin tun Satumba, su tabbatar da takardun fili. Na manoma kuma shi ne su shirya wurin reno tun hatsi yana tsaye a gona. Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa rani ya zama lokacin aiki a gida.