Allon da ke bayan motar mai: abin da masu kai ɗauki ya kamata su sani

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura da wani allo mai ruwan lemu a gaban motar dakon mai ko a bayanta? Allon ƙarami ne, faɗinsa bai kai rabin mita ba. An raba shi gida biyu, lamba a sama, lamba a ƙasa. Mutane da yawa suna zaton lambar mota ce. A'a, wannan allo shi ne ke faɗin abin da motar ta ɗauko, da irin haɗarin da ke tattare da shi.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Gundumar Junju, wadda ake rubutawa Dioundiou a takardun hukuma, an cire ta ne daga Gaya a shekarar 2011, kuma ta ƙunshi Junju da Karakara da Zabori. Gabas da mu Nijeriya ce, kudu kuma Benin. Man fetur yana shigowa ta wajen Kamba, a jarkoki da durum-durum. Manyan motoci suna bin hanyar Dosso zuwa Gaya. Shekara da shekaru, ta wannan hanya aka riƙa kai yuraniyom ɗin Arlit tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kafin a rufe iyaka a 2023. Ga kuma bututun ɗanyen mai na Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa jihar Dosso ya ƙetare zuwa Benin ta wajen Gaya, aka fara lodin mansa a jirgi a 2024. Sai takin zamani da maganin ƙwari da muke sayowa domin rake da shinkafa da kayan lambu.

Su wane ne masu kai ɗauki?

A birni, ƴan kwana-kwana ne, waɗanda ake kira a lamba 18. A ƙauye kuwa, kafin su iso an daɗe. Wanda ke fara zuwa wurin haɗari shi ne manomin da gonarsa ke bakin hanya, da ɗan kabu-kabu, da mai gari, da jandarma, da malamin asibiti. Waɗannan su ne masu kai ɗaukinmu na farko. Zuciya suna da ita. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne labarin abin da suka tarar.

Rashin wannan labari yana kashe har ƙwararru. Ran 4 ga Agusta 2020, wuta ta tashi a wani sito na tashar jiragen ruwa ta Beirut, a ƙasar Labanan. Aka tura ƴan kwana-kwana. Ba wanda ya gaya musu cewa an jibge tan 2,750 na wani sinadari a wurin, irin wanda ake yin taki da shi, ake kuma yin nakiya. Siton ya fashe. Mutum goma na wannan ayari suka rasu, tare da jama'ar gari fiye da 200.

A nan kusa da mu, an ga abin da mai ke yi. A daren 5 wayewar 6 ga Mayu 2019, wata motar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Jama'a suka fito da bokitai suna ɗiba. Wuta ta kama, mutum fiye da 55 suka rasu. Ran 15 ga Oktoba 2024, haka ta faru a garin Majiya, cikin jihar Jigawa ta Nijeriya. Man ya malala cikin magudanar ruwa, mutane suka taru kwasa, fiye da 150 suka halaka. Ba mu zargin mamatan. Talauci ne ya kai da yawansu wurin, wasu ma sun je ne su kori ƴaƴansu.

Yadda ake karanta allon

Wanda ya iya karanta lambobi daga 0 zuwa 9 ya iya karanta wannan allo. Ke nan duk wanda ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci zai iya.

Lambar ƙasa tana da alƙaluma huɗu. Ita ce sunan kayan, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara ta, don haka ɗaya take a kowace ƙasa. 1203 fetur ne. 1202 gazuwal ne, wato man dizal. 1223 kananzir ne. 1267 ɗanyen mai ne. 1965 iskar gas ce ta girki. 1830 ruwan batir ne mai ƙarfi. 1942 shi ne sinadarin nan da ya fashe a Beirut.

Lambar sama ita ke faɗin haɗarin. 2 na nufin iskar gas. 3 ruwa ne mai kama wuta. 4 busasshen abu ne mai kama wuta. 5 abu ne mai rura wuta, ko da shi kansa ba ya ci. 6 guba. 7 abu mai tururin nukiliya, kamar yuraniyom. 8 abu mai cin fata da ƙarfe. Idan aka maimaita alƙalami, to haɗarin ya tsananta. Shi ya sa gazuwal da kananzir ke ɗauke da 30, fetur kuwa 33, domin ya fi su saurin kamawa nesa ba kusa ba. 66 guba ce mai tsanani ƙwarai.

Akwai harafi ɗaya da ya kamata kowa ya haddace. In ka ga X a gaban lambar sama, kada a zuba ruwa ko kaɗan. Ruwa ne ke tayar da wannan kaya.

Gaskiya ita ce ba kowace mota ke da allon ba. Wani ya goge, wani ƙura ta rufe shi, wani ma ba a taɓa maƙala shi ba. Motocin Nijeriya sau da yawa haruffa suke rubutawa a jikin tanki: PMS fetur ne, AGO gazuwal, DPK kananzir. In babu ko ɗaya, a tambayi direba ko yaron mota in suna iya magana, domin takardar kaya tana hannunsu. In ba a samu bayani ba, a ɗauka kayan mafi muni ne.

In mota ta kife

Abin da ke kama wuta a fetur shi ne tururinsa. Ido ba ya ganinsa. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, yana gangarawa cikin kwari da rami da lambatu, har ya tarar da murhu ko taba ko tartsatsin babur a can nesa. Daga nan wutar ta biyo shi da baya har jikin mota. Mu da muke zaune a ƙasar fadama, inda hanya ke bisa tudu gonaki na ƙasa, sai mu riƙe wannan da kyau.

Akwai wani littafin jagora da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko suke bugawa domin masu kai ɗauki. Ana sabunta shi duk shekara huɗu, an yi bugu a 2024, kuma akwai shi da Faransanci. Ga abin da ya tsara game da mai irin fetur. In ya zube, a janye kowa aƙalla mita 50 ta kowace fuska. In zubar mai yawa ce, a kwashe mutanen da iska ke kaɗawa wajensu har mita 300. In tankin kansa ya kama wuta, a ja baya mita 800, wato tafiyar kamar minti goma a ƙasa.

A tsaya a tudu, ta inda iska ke fitowa. A kashe babura da injin ban ruwa. A karanta allon daga nesa, sa'an nan a ja baya a buga waya, a faɗi lambobin biyu ɗaya bayan ɗaya. Kada a watsa wa wutar fetur ruwa da bokiti, domin mai yana tasowa bisa ruwa, sai wutar ta bazu. Ƙaramar wuta yashi ke kashe ta. Babba kuwa sai kumfar ƴan kwana-kwana. Tankin da aka sauke wa mai shi ma abin tsoro ne, cike yake da tururi. Masu walda su kiyaye.

Gubar da ke cikin gida

Ba a kan hanya kaɗai haɗarin yake ba. Dubi ƙasan takardar da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, za ka ga zane mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani. Ruwan ɗorawa na biye da shi, sai shuɗi, sai kore mai ɗan sauƙi. Kore ma ba abin sha ba ne. A ƙasashen Sahel, wani kwamiti da ke Bamako ne ke tantance magungunan da aka yarda a sayar, amma kasuwannin kan iyaka cike suke da waɗanda bai taɓa gani ba. Piya-piya da ake ɗurawa a kwalbar lemo ba ta da takarda ko kaɗan.

Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake, da ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa. Kada a ajiye buhun a ɗakin kwana. In sito mai irin wannan ƙwaya ya kama wuta, ruwa ƙara masa sharri yake yi.

In mutum ya sha magani ko ya zube masa, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko manja, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti maza, a tafi da kwalbar. Sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita allurar da ta dace.

Ina kuɗin za su fito?

Horo da littafi da safar hannu duk kuɗi ne. Wasu ƙasashe sun samo dabara. A 1984, iska mai guba ta tsere daga wata masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta ƙasar Indiya, dubban mutane suka mutu cikin dare ɗaya. Bayan shekara biyu, Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masana'antu su sanar da hukumomin gari da ƴan kwana-kwana irin kayan da suka ajiye. A 1990 ta ƙara wata doka. Kamfanonin da ke dakon kaya masu haɗari suna biyan kuɗin rajista, daga ciki ake ba jihohi tallafi don horar da masu kai ɗauki. Tallafi ne, ba bashi ba. A ganinmu wannan tsari adalci ne: mai cin ribar kayan shi ya kamata ya biya kuɗin tsare jama'ar da yake ratsawa.

A Nijar, a 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin isar da kuɗin tallafi ga ƙananan hukumomi. Sai dai mai ba da tallafi, gwamnati ce ko ƙungiya, ba ya ba da kuɗi a kan kuka kawai. Yana son ya ga buƙata a rubuce, kuma ya fi sauraron wadda ta shiga cikin tsarin raya ƙaramar hukuma. A nan ne masu karatu ke da aiki. Ɗaliban aji guda suna iya zama bakin hanya ranar kasuwa, har mako huɗu, su rubuta lambar kowane allo da ya wuce. Wasu su zaga su ƙirga shagunan maganin ƙwari, da wuraren da ƴan ruwa-ruwa ke tara jarkoki, da nisansu da makaranta ko rijiya.

Da wannan lissafi sai a je wa mai gari da hukumar gari. Abin da za a roƙa ba mai yawa ba ne: ƴan kwana-kwana su zo su ba da horo na kwana biyu, a buga takardar lambobin nan da Hausa da Zabarmanci a manna a tasha da asibiti, a sayi igiyar tare jama'a da safar hannu da takalman roba, a kuma ajiye littafin jagora ɗaya a kowane asibiti da ofishin jandarma. A rubuta sunan wanda zai riƙe kayan, da ranar da za a sake horon, domin ma'aikata ana yi musu canjin wurin aiki.