Kafin Ki Miƙa Wa Mai Adaidaita Sahu 'Ya'yanki

Uwargida, ƙarfe bakwai saura kwata kin gama zuba abinci a kwando, kin ɗaure wa auta takalmi, sai ki ji hon a ƙofar gida. Yara su fita da gudu, ki leƙa ki ga adaidaita ya sha kwana. Daga nan har su isa ƙofar makaranta, 'ya'yanki suna hannun wani mutum. To, mene ne cikakken sunansa? A wace unguwa yake kwana? In wayarsa ta ƙi shiga yau da rana, ƙofar wa za ki ƙwanƙwasa?

Da yawanmu amsarmu ɗaya ce: "Ai maƙwabciyata ce ta haɗa mu." Ita ma in kin tambaye ta, wataƙila a bakin titi ta tare shi wata rana, ta ga yana da fara'a, ta karɓi lambarsa.

Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama ƙafar iyali. Haka yake a garuruwa da dama inda ake kiransa Keke Napep. Mafi yawan masu wannan sana'a magidanta ne da matasa masu neman halaliyarsu, kuma bincike ba zargi ba ne. Mutumin kirki ba ya jin haushi don an tambayi tushensa. Wanda ya fara kame-kame, ya riga ya ba ki amsa.

Fara da wanda zai tsaya masa

Lambar waya ba tushe ba ce, ana iya cire layi a jefar cikin minti ɗaya. Abin da kike buƙata shi ne mutum mai gida da iyali da zai ce, "Na san shi, in wani abu ya faru a zo wurina." Zai iya zama mai unguwarsu, limamin masallacinsu, ko shugaban tashar da yake lodi. Ki sa maigida ko wani ɗan'uwanki ya taka har gidan da direban yake zaune, ya gaisa da maƙwabta, ya ji shaidar da za su yi masa. Gani ya kori ji.

Sannan ki nemi lambar iyaye biyu da yake ɗaukar wa yara, ko ya taɓa ɗaukar musu. Kada ki tsaya a "yana da kirki?" domin kowa zai ce eh. Tambaye su: sau nawa ya makara a zangon da ya wuce? Ya taɓa turo wani a madadinsa? In sun rabu, me ya raba su?

Keken na wa ne?

Wannan tambaya ana yawan tsallake ta. Direbobi da yawa ba su ne masu keken ba. Wasu balas suke kai wa mai shi kullum, wasu kuma suna biya ne sannu a hankali har ya zama nasu. Ba laifi ba ne, amma ki san mai keken da inda yake, domin ranar da suka saɓa ya karɓe kayansa, yaranki ne za su yi cirko-cirko a ƙofar makaranta.

Akwai kuma al'adar ba wa aboki ko ƙane keke ya ɗan zagaya idan direba ya gaji. Ki faɗa masa tun ranar farko cewa ba wanda zai ɗauki yaranki sai shi. In uzuri ya taso, ya kira ki tukuna, kuma wanda zai maye gurbinsa ya zama mutum ɗaya da kuka riga kuka gani ido da ido.

Wayarki ta yi miki aiki

Da izininsa, ki ɗauki hotonsa a tsaye kusa da keken, da hoton lambar keken. A Kano har da lambar rajistar hukumar KAROTA da ke jikinsa. Ki duba lasisin tuƙinsa da takardar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN mai lamba 11, ki tabbata sunan da ke jiki shi ne wanda ya faɗa miki. In ta banki za ki riƙa biyansa, duba sunan da ya fito kafin ki tura. Ki aika wa maigida waɗannan hotuna, ki kuma kai ɗaya ofishin makaranta, a san cewa wannan ne kaɗai aka yarda ya ɗauki yaranki.

Shiga keken da kanki

Kafin ku ƙulla magana, ki bi su zuwa makaranta kwana ɗaya ko biyu. Lura da yadda yake shiga shataletale, ko yana amsa waya yana tuƙi, ko yana kunna kiɗa har ba ya jin hon. Dubi idonsa da yanayin maganarsa. Ƙirga yaran da yake ɗauka. Kujerar baya ta manya uku ce, amma duk mun sha ganin keke maƙare da yara, wasu a gefen direba, wasu a wurin kaya ƙafafu na reto. Ku tsayar da adadi, kuma a bar ƙananan a tsakiya.

A yi magana a fili kan kuɗi

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗaukar yara bai zauna wuri ɗaya ba. Ku yi magana tun farko: nawa ne a wata, ranar nawa ake biya, yaya za a yi da hutu, kuma in mai ya tashi yaushe za a sake zama. Ki rubuta masa a saƙon WhatsApp, ko ku yi a gaban wanda ya tsaya masa. Kada ki biya kuɗin zango gaba ɗaya tun ba ki ga kamun ludayinsa ba. Wata-wata ya fi.

A nan mu ma sai mun ji tsoron Allah. In kika matse farashi har ba ya fitar da kuɗin mai da balas, zai cike giɓin da ƙarin yara, kuma naki ne za su matsu. In kina riƙe masa kuɗi har tsakiyar wata, ko kullum sai ya yi minti goma sha biyar yana hon kafin yara su fito, gudu zai yi a titi don ya kai sauran kan lokaci.

Kunnenki na wurin yara

Bincike ba ya ƙarewa ranar da aka fara aiki. Idan sun dawo, ki riƙa tambaya cikin hira: ta ina kuka biyo yau? Kun tsaya a wani wuri? Wa ya shigo? Ki koya musu cewa babba ba ya ce wa yaro "kada ka faɗa wa mamanka", kuma in an faɗa musu haka, ke ce ta farko da za ta ji. Kada a bar yarinya ita kaɗai ta zama ta ƙarshen saukewa kullum. In yaron da ke son makaranta ya fara kuka da jin hon, ki zaunar da shi ki saurara kafin ki yi masa faɗa. Babban cikinsu kuma ya haddace lambar wayarki.

Waɗannan tambayoyin su ne dai za ki yi wa mai gyaran wuta, mai gyaran famfo, malamin lesin, da duk wanda aiki zai shigo da shi gidanki: wa ya san shi, ina ake samunsa, wa ya taɓa yi wa aiki? In kuma Allah ya haɗa ki da na ƙwarai, ki riƙe shi da kyau. Ki biya shi kan lokaci, ki tuna da shi da Sallah, ki gaishe shi da mutunci a gaban yara domin su ma su girmama shi.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya.