Inda aka matse mai, nan tunkuza ke zama

Duk lokacin da farashin kiret ɗin ƙwai ya tashi, masara ake fara ɗora wa laifi. Ba a yi mata ƙazafi ba, domin ita ce kusan rabin abin da ke cikin buhun abincin kaji. Sai dai sinadarin gina jiki, wato furotin, da ke cikin masara bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 18, 'yan tsakin da ake kiwo don nama kuwa fiye da kashi 20. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne tunkuza, ragowar da ake samu bayan an matse mai daga waken suya ko gyaɗa ko angurya. Tunkuzar waken suya ita ce sarauniya a cikinsu, don furotin ɗinta kan haura kashi 44. Tun da abinci ne ke cinye kusan kashi 70 na kuɗin da mai kiwon kaji ke kashewa, duk wanda ya riƙe tunkuza ya riƙe maƙogwaron sana'ar.

Turawa sun ɗanɗana wannan darasi. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Yammacin Turai suka amince waken suya ya riƙa shiga kasuwarsu ba tare da haraji ba, suka gina kiwonsu a kan na Amurka. A watan Yunin 1973 gwamnatin Shugaba Nixon ta dakatar da fitar da shi na ɗan lokaci, hankalin masu kiwo ya tashi daga Faransa har Japan. Yau fiye da shekara 50 ke nan Turai tana tsara yadda za ta wadatu da nata, amma har gobe jiragen ruwa daga Brazil da Amurka da Ajantina ne ke ciyar da kajinta.

Mu a Arewa ba mu da uzurin da suke da shi. Ƙasarmu tana karɓar waken suya daga Binuwai zuwa Kaduna, Neja, kudancin Kano da kudancin Borno. Muna da gyaɗa, muna da audugar Funtuwa da Gusau, muna da wake. Abin da ke damuna shi ne muna maimaita wani tsohon ciniki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala yawancinta ɗanya ta tafi. A can aka matse man, a can tunkuzar ta zauna, shanun Ingila suka ci suka ba da madara. Muna tuna dalar gyaɗa da alfahari, ba mu cika tambayar dabbar wa ta yi ƙiba da ita ba.

Bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023, waken suyarmu ya yi araha ga mai riƙe da dala, masu saye don kasuwannin waje irin na Indiya suka shigo da ƙarfi. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta sha kiran a hana fitar da shi. Na fahimci zafin da ya sa suka yi wannan kira, amma ban goyi bayansa ba. Manomi ba ya shuka don tausayin kaza. Ranar da aka toshe masa mai saye da daraja, baɗi zai mayar da gonar ga masara ko dawa, mu wayi gari babu na fitarwa, babu na ci.

A ganina matsalar tana wurin matsa. Buhu mai kilo 100 na waken suya yana ba da kusan kilo 18 na mai da kusan kilo 80 na tunkuza, ga shi ƙasar nan ba ta wadatu da man girki ba. Kano tana da kamfanonin matse mai, amma waken yana fitowa ne a watanni biyu ko uku na kaka, injin kuwa yana son ci shekara guda cur. Kamfanin da zai sayi na shekara a Nuwamba da Disamba sai ya ci bashin banki da ruwa mai nauyi, sannan ya ƙona dizal saboda rashin wuta. Mai fitarwa waje yana zuwa Dawanau da kuɗi a hannu. Idan gwamnati na son sa baki, nan ne wurin: rance mai sauƙi na lokacin kaka ga mai matsewa a gida, rumbunan ajiya da banki zai yarda da takardarsu a matsayin jingina, da wutar lantarki ga unguwannin masana'antu.

Sai kuma gona. Hekta ɗaya a nan da ƙyar take wuce tan guda, a Brazil tana ba da fiye da tan uku. Cibiyar IITA ta fitar da irin TGx da ba ya saurin fashewa a gona, da kuma NoduMax da ake gauraya iri da shi don saiwa ta ƙara kama sinadarin naitirojin daga iska. Manomin da ya juya waken suya da masara yana rage wuta-wuta a gonarsa, yana kuma rage kuɗin taki. Waɗannan abubuwa sun daɗe a hannun masana. Ƙauye ne ba su isa ba yadda ya kamata.

Shanu da tumaki da awaki nasu lissafin daban ne, kuma bai kamata su yi gasa da kaji a kan waken suya ba. Tumbinsu yana sarrafa tunkuzar angurya, wadda ke cutar da kaza idan ta yi yawa. Suna da harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da 'ya'yan gawo da ke zuba a tsakiyar rani. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka bar gawo ya sake tsiro a gonakinsu sun san darajarsa. Duk mai turkar ragon layya ya san yadda damin harawa ke tsada idan bazara ta kawo jiki, bayan an bar rabinta ta lalace a kan rufi da rassan itace. Ƙaramin injin daddatsawa da matsewa a kowace babbar kasuwar ƙauye zai ceci abinci mai yawa.

Tunkuzar gyaɗa kuwa tana da aibin da dole a faɗa: gubar afalatoksin da ke fitowa idan gyaɗa ta yi fumfuna. Ita ce ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma tana bi ta madara ta isa cikin yaro. Akwai Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta, amma mai haɗa abincin kaji a Zariya ko Gombe ba shi da inda zai kai samfuri a gwada masa cikin kwana ɗaya. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, tare da NAPRI da ke Shika, za su iya fara wannan aiki da ɗakin gwaji guda a Dawanau kafin kaka mai zuwa.