Walda a Ƙarƙashin Mota: Abin da Ƙarfe Biyu Ke Gyarawa da Abin da Ba Ya Gyarawa

Gardamar ta daɗe a garejin makanikai da tashoshin mota: wai motocin yanzu gwangwani ne, sai an ƙara musu ƙarfe. Kwanan nan ta sami sabon makami. Matasa na ganin bidiyon Amurkawa kwance a ƙarƙashin mota suna walda wasu dogayen ƙarafa biyu, sai su ce to ga shi, su ma masu ƙera motar sun san ba ta da ƙwari. Waldar da suka gani gaskiya ce, amma fassarar da suka yi mata ta kauce hanya.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a Amurka, tsakanin masu tsere da tsofaffin motoci irin su Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird, musamman kuma Ford Mustang da aka ƙera daga 1979 zuwa 1993. Waɗannan motoci ba su da doguwar shasi mai kamar tsani irin ta Hilux. Bodin ne da kansa ke ɗauke da komai. Akwai guntun firam a gaba da ke riƙe inji da tayoyin gaba, akwai wani a baya, tsakaninsu kuwa sai farantin ƙasa da gefunan ƙofa. Ɗauki gadon ƙarfe: allon kai da na ƙafa na iya zama masu kauri, amma in ka cire sandunan gefe ka bar katifa kaɗai ta haɗa su, mutum na juyawa gadon zai karkace. Ƙarafan nan biyu su ne sandunan gefen.

Idan aka ƙara wa irin wannan Mustang ƙarfin inji aka sa mata tayoyi masu kama kwalta, duk figar da direba ya yi sai bodin ya murɗe. A hankali ƙofa ta fara gardamar rufuwa, faranti ya tsage kusa da mazaunin kujera, inda ƙafafun baya ke ɗaure ya fara yagewa. Wadda rufinta ke buɗewa ta fi shan wahala, don babu rufin da zai taya ta riƙo. Da an haɗa gaba da baya da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, murɗewar kan ragu, sifirin ya yi aikinsa maimakon bodi ya riƙa yi masa. An fi son walda fiye da ɗaurin noti domin ramin noti a siririn faranti yana buɗewa da girgiza.

Iyakar amfanin waldar ke nan. Ba ta ƙara wa mota ikon ɗaukar lodi, balle a ce Golf ta koma a-kori-kura. Taya da burki da sifirin suna nan yadda kamfani ya auna su, buhun masara ashirin kuma bai san an yi walda ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa taurin mota shi ne kariyar fasinja. Injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, ya sami rajistar fasahar akasin haka tun 1952: ɗakin fasinja ya yi tauri, gaba da baya su lotse da gangan don su shanye ƙarfin karo. A 2009 cibiyar gwajin haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwabza Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Tsohuwar, wadda kowa zai rantse ita ce ƙarfe, ɗakin direbanta ya rufta. Sabuwar gabanta ya ragargaje, mazaunin direba ya tsaya. Wanda ya kai motarsa wurin mai walda aka cusa rodi a cikin bamba ko aka ƙarfafa hancin firam, ya hana ƙarfen lotsewa, ƙarfin bugun kuma sai ya wuce zuwa ƙirjin mutanen ciki. Ƙarafan Amurkawan suna ƙarƙashin ɗakin fasinja ne, ba su taɓa hancin motar.

Ko a inda ya dace, aikin yana da sharuɗɗa. Dole motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyi huɗu, a wuri mai baiɗaya. In aka ɗaga ta da jak a gefe guda aka yi walda, an daskarar da karkacewar har abada, ƙofofin ma ba za su koma daidai ba. Ana cire kan batir, a ɗage kafet, a kare bututun mai da na burki da ke bi ta wurin, a kuma shafa fenti bayan an gama don tsatsa na fara ci daga bakin walda. Motocin baya-bayan nan kuwa, yawancinsu ba sa buƙatar wannan aiki. Bodinsu ya fi na 1980 tauri nesa ba kusa ba, wasu sassansa kuma an yi su da ƙarfe na musamman wanda zafin walda ke raunana shi.

Masu walda a kasuwannin Fanteka da Ƙofar Ruwa suna da hannu, babu mai musu. Amma mota nawa ce ta yi haɗari aka miƙe firam ɗinta da wuta, aka liƙe, aka fesa fenti ta koma ɗaukar fasinja? Mai duba lafiyar mota a kan titi yana tambayar takardu da abin kashe gobara, ba safai yake sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashi ba.